Shekara Huɗu da Sunan Aro

Da sunan wani na shiga makarantar boko, da shi kuma na yi shekara huɗu ina amsa kira kowace safiya. Yanzu in na ba jikokina wannan labari a nan unguwar Gidan Dare, dariya suke yi, su ce tsoho ya fara ƙari. Ba ƙari ba ne. A Sakkwato ta wancan lokaci, ana saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki, irin wannan bai ma isa a tsaya ana zancensa ba.

Babana runji ne, wato mahauci kamar yadda mutanen gabas ke cewa. Yana da teburinsa a kasuwa, kuma shanun da yake yankawa daga hannun wani Alhaji suke fitowa, babban falken shanu da ke unguwarmu. Kakana ma a inuwar gidan nan ya yi fawa har ya mutu. Kar a ji ni ba daidai ba, babana ba bawan kowa ba ne. Amma Alhaji ubangida ne, in ya aiko kira ba a cewa sai an jima.

Shekarar da na cika bakwai, hukuma ta aiko cewa kowace unguwa ta ba da yara a sa su elementare, kuma a fara da 'ya'yan masu hali don talakawa su gani su saki jiki. Boko a lokacin abin gudu ne. Na san gidan da aka ɓoye yaro cikin rumbu, na san wanda aka tura ƙauye wurin kakarsa har aka gama ɗiba. Mai unguwa ya rubuta sunan ɗan Alhaji, wanda sa'ana ne, wata biyu kacal ke tsakaninmu. Ni ba a rubuta ni ba. Wa ke tuna ɗan runji?

Alhaji ya aika aka kira babana, ya ce a zo da ni. Ina tsugune bakin zaure ina kallon takalman mutane na ji ya ce, "Ka ara mini yaron ga naka. Shi tahi makarantar nan da sunan ɗana. Ba komi na ba, zama na kawai, har su gaji su sallame su."

Babana ya ce, "To, ranka shi daɗe."

Iyakar shawarar da aka yi a kaina ke nan. Ku riƙe kalmar nan da ya faɗa, aro. Shi ne ya ari yaro a hannun babana, da kunnena na ji. Aka ba ni sabuwar taguwa da hula, aka yi ta nanata mini sunan har ya zauna. Innata ta yi kuka ranar, don a ganinta an kai ni inda za a raba ni da salla.

Makarantar ɗaki uku ce ta ƙasa, da rufin kwano a kan na tsakiya kaɗai. Ranar ɗauka aka jera mu, kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu, wanda hannunsa ya kai ya isa shiga. Wanda ke zaune da rajista shi ne hedimasta, shi ne kuma zai zama malaminmu. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya, rigarsa fara ƙal kullum kamar ba cikin ƙurar gari ɗaya muke tafiya da shi ba. Da aka kira sunan ɗan Alhaji na matsa gaba, sai ya ɗaga kai ya dube ni. Ya san ni sarai. Duk ranar Juma'a a teburin babana yake sayen nama, sau nawa ni ke miƙa masa ƙunshin. Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi rufin ɗaki. Malam ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta.

Ba zan ɓoye ba, cikin wata guda makaranta ta shiga raina. A ƙasa muka fara rubutu da yatsa, sannan aka ba mu allon dutse, sai a aji uku muka taɓa tawada. Ranar da Malam ya shigo da ƙwallon duniya ya juya shi da ɗan yatsa, ya ce ga mu nan, ɗigon da ko ƙwayar gero ya fi shi girma, ban ci abincin kirki ba da na koma gida. Na zauna ina tunanin yadda duk Sakkwato, da kasuwarta da gulbinta da garken shanun Alhaji, za su shige ƙarƙashin farcen mutum ɗaya. Shi kuwa Malam a wurina ya wuce mutum. Ya san dalilin da ke sa wata ya ragu, ya san inda ruwan gulbinmu ke zuwa bayan ya wuce mu, kuma bai taɓa dukan yaro don ya kasa ba, sai don ya yi ƙarya. Wannan kam ba ya ɗaga ƙafa a kanta. In ka fasa kwalbar tawada ka ce kai ne, sai ya ce ka share. In ka ce ba ka sani ba, ranar za ka san bulala.

Abu ɗaya na lura da shi tun ina ƙarami, ban gane ma'anarsa ba sai daga baya. Ban da lokacin kiran rajista, Malam bai taɓa kirana da sunan nan ba. Sai dai ya ce, "Kai, na bakin taga," ko ya nuna ni da alli. A kiran rajistar ma, in ya iso kaina muryarsa na yin ƙasa, ya wuce da sauri. Ni na ɗauka ƙina yake yi saboda warin fawa, har na riƙa wanke hannuna da toka sau biyu kafin in fito.

Muna aji huɗu gari ya juya. Ko'ina zancen mulkin kai ake yi, a kasuwa, a majalisar dattawa bayan la'asar, har a wurin masu jiran nama. Aka fara ganin yaran da aka kama da ƙarfi shekarun baya sun dawo da keke da agogo, wannan malamin asibiti, wancan akawu, ana tashi tsaye in sun shigo. Waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu suka fara cizon yatsa. A shekarar ne kuma aka kawo sabon tsari. Da can hedimasta da manyan gari ke zama su zaɓi yaran da za su wuce babbar makaranta, wadda tsofaffi ke ce wa Midil. Yanzu aka ce a'a, jarrabawa za a yi, takardu su zo a rufe, a kwashe su a rufe, a duba su a wani wuri inda ba a san ɗan wane ba. Malam ya yi murna da tsarin nan ƙwarai. Ya ce mana daga yau kan yaro ne zai kai shi, ba rawanin ubansa ba.

Muka yi jarrabawa. Bayan kamar wata biyu sakamako ya zo, mu huɗu muka ci a makarantarmu, sunan da nake amsawa shi ne na farko. Da gudu na je kasuwa. Babana na cikin sara ƙashi, ya ajiye gatari ya dube ni, sannan ya yanko tsoka mai kyau ya ce in kai wa innata.

Kwana uku muka yi muna murna. A na huɗu Alhaji ya aiko.

Wannan karon har tabarma aka shimfiɗa wa babana. Alhaji ya yi ta sa mini albarka, ya ce na fid da shi kunya. Sannan ya gyara zama ya ce, "To, sunan nan da na ara mai, lokacin maida shi ya yi. Takarda ta hito da sunan ɗana, shi za shi tahi. Naka kuwa shi zo cikin yarana shi koyi shanu, ba ya rasa abin yi."

Kun ji fa. Shekara huɗu da suka wuce shi ya ari yaro, yau kuma wai mu muka ari suna. Har yanzu in na tuna yadda ya juya kalmar nan ba ko ƙifta ido, raina na tafasa, ga shi mutumin ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa. Ashe tun da ya ga inda gari ya dosa ya ɗauko wani akawu yana koya wa ɗansa karatun boko a zaure da yamma. Yaron ya iya haɗa baƙi, ya iya ɗan lissafi, a ganin Alhaji wannan ya isa.

Babana ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka shi daɗe." Innata, wadda ta yi kuka ranar da aka kai ni, ita ce ta fi kowa faɗa ranar da aka ce an cire ni. Ta ce yaro ya yi noma, ya yi girbi, sannan a ce buhun na wani ne don an rubuta suna a jikinsa. Babana ya ce ta yi shiru, bango na da nisa da gidan Alhaji amma bakin mutane ba shi da nisa. Na daina zuwa makaranta. Na ƙi zuwa wurin shanun kuma, na zauna gida ina jin haushin kowa, har da Malam, don na tabbata da saninsa aka yi.

Ana nan sai ga ɗan ajinmu da saƙo, wai Malam ya ce gobe mai duba makarantu zai zo ganin yaran da suka ci, in zo da safe, in sa taguwata mai kyau. Na ce ba ni zuwa. Innata ta ce ko da jan kunne sai na je.

Mai duba makarantu dattijo ne mai furfura a gemu, Bahaushe, a kan babur yake zagaya makarantun lardi. An ajiye masa tebur a ɗakin tsakiya. Da na shiga na tarar da sauran ukun a kan benci, ga ɗan Alhaji a gefensu cikin riga mai aiki, ga wakilin Alhaji da mai unguwa a kan kujeru. Mai unguwa na ganina fuskarsa ta canza. Malam ya nuna mini ƙarshen benci, na zauna. Ɗan Alhaji ya matso ya raɗa mini, "Wallahi ni ba ni so, tilas aka yi min." Na yarda da shi.

Mai duba ya buɗe takarda ya kira suna na farko. Mu biyu muka ce, "Na'am."

Ni ban yi niyyar amsawa ba, baki ne ya saba. Dattijon ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wane ne mai sunan?" Wakilin Alhaji ya yi caraf ya ce ga shi nan, kowa a garin nan ya san ɗan Alhaji, wancan ɗan runji ne, rakiya ya yo. Kuma gaskiya ya faɗa, sunan na ɗan Alhaji ne. Da Malam ya yi shiru a nan, shi ke nan an gama, ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Sai ya miƙe, ya ɗauko rajistar shekara huɗu, guda huɗu, ya ɗora a gaban mai duba. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, sunan na wancan yaro na. Amma wanda ya zauna ajin ga shekara huɗu, ya rubuta jarrabawa da hannunai, wanga na. Rajistar ga akwai ƙarya cikinta tun shafin farko, kuma ni na rubuta ta. Na san yaron, na san ubanai, na sani ranar da na rubuta."

Bai ambaci mai unguwa ba, bai ambaci Alhaji ba. Ni da nake jira in ji ya tona su, sai na ji ya ɗauki kayan duka ya aza a kansa. Mutumin da ke dukanmu a kan ƙaryar kwalbar tawada, ga shi tsaye gaban yara huɗu da ya koyar yana cewa shi ya yi wadda ta fi tamu.

Mai duba ya daɗe yana shafa gemu. Ya san irin wannan, ba a makarantarmu aka fara ba. Ya sallami wakilin da mai unguwa su jira a waje, amma mu yara ya manta da mu a benci, ko kuma bai ɗauka muna fahimta ba. Ya ce wa Malam a hankali, akwai hanya mai sauƙi. Yaron da ya rubuta jarrabawa shi tafi, da sunan da ke kan takarda, a bar rajista yadda take. Alhaji zai yi fushi ya huce, ba wanda zai rubuta komai, ba wanda zai rasa kujerarsa. Wallahi da ni aka tambaya a lokacin, da na ce a yi haka. Wuri nake so, ina ruwana da sunan da ke kansa.

Malam ya ce a'a. Ya ce in aka yi haka, takardar shaidar da yaron zai samu nan gaba ta wani ce, aikin da zai samu na wani ne, duk ranar da aka so a karɓe sai a karɓe. Ya ce sabon tsarin nan an kawo shi ne don a san wa ya iya, to yaya za a fara shi da sunan da ba na mai shi ba? Sannan ya nuna ɗan Alhaji ya ce, "Wanga ma an cuce shi. Rajista ta ce ya yi shekara huɗu, ko kwana ɗaya bai yi ba. A ba ni shi in sa shi aji da sunanai, shi yi nashi karatun." Ɗan Alhaji ya fashe da kuka a nan, ban san ko na kunya ba ne ko na sauƙi.

Dattijon ya ce, "Ka san in na gyara suna sai na rubuta dalili. In na rubuta dalili, ba ka kwana hedimasta."

Malam ya ce, "Na sani. Kawo in rubuta da kaina, kai ka sa hannu."

Muna kallo ya zauna ya cika shafi guda da rubutun nan nasa mai kyau, ya busa tawada, ya miƙa. Sai mai duba ya juyo gare ni ya ce, "To kai, mi sunanka na yanka?" Na faɗa, sunan da ban taɓa furtawa a cikin ɗakin nan ba. Ya ce, "Na ubanka fa?" Nan na daskare. A tarbiyyarmu yaro ba ya kama sunan ubansa gatsau a gaban manya. Na yi ta kallon ƙasa. Malam ya ce a kira uban, shi ya faɗa da bakinsa, don a san da yardarsa.

Aka je kasuwa aka zo da babana yadda yake, da jini a gaban rigarsa. Wakilin Alhaji na tsaye bakin ƙofa, dole ta gabansa ya wuce. Na san abin da ke ransa, teburinsa da shanun da ke zuwa masa da inuwar da ubansa ya bar masa. Mai duba ya yi masa bayani, ya ce in ya yarda ɗansa ya tafi, ya faɗi sunansa a rubuta. Babana ya dubi takardar da Malam ya rubuta, ko da yake ba ya karatu, ya tambaya mece ce. Aka gaya masa. Sai ya faɗi sunansa da ƙarfi, har da na kakana da ba a tambaye shi ba.

Alhaji ya yi wata uku bai ba babana ko akuya ba, sai wurin wasu dillalai ya riƙa nema a Kara, kasuwar dabbobi. Daga baya ya huce, har ya bar ɗansa ya shiga aji biyu. Ni kuwa aka auna ni aka ɗinka mini kayan makaranta, aka rubuta sunana a wuyan riga.

Takardar Malam ta dawo kafin in tafi. An sauke shi daga hedimasta, an mai da shi ƙaramin malami a wata makarantar ƙauye can cikin fadama, inda in damina ta sauka sai da jirgin ruwa ake shiga. Mutane suka yi ta cewa ya yi wauta, wa ya aike shi. Ranar da zai tashi, da hantsi, babana ya ƙunsa kilishi ya ce in kai masa tasha, in yi masa godiya da kyau. Na tafi ina ta shirya kalmomin a hanya.

Na same shi gefen wata babbar mota da ake loda wa gishiri da kananzir, akwatinsa na ƙarfe da tabarma a ƙasa, iyalinsa sun riga sun hau. Na durƙusa na miƙa ƙunshin, na fara godiyar da na haddace. Ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Ya kira ni da sunana, karo na farko, ya ce in tashi tsaye.

Ya ce, "Ba godiya za ka yi min ba. Shekara huɗu kullum da sahe ina kiranka da abin da na san ba kai na ba, kana amsawa don ni na kira. Tsoro na ji ranar farko, kuma kowace rana bayanta sai ta hi wuya. Ka yahe min."

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ɗan runji, ga mutumin da ya nuna mini duniya a kan ɗan yatsa yana neman gafarata a tsakiyar tasha, mutane na wucewa. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Haba Malam, ba komi." Ya ce ba haka ya tambaya ba. Direba ya yi ta danna ƙaho, yaran mota na kiran a hau, shi kuwa yana tsaye yana jirana, bai ko waiwaya ba. Hawaye suka zubo mini, na ce, "Na yahe, Malam." Ya ce, "Madalla." Sannan ya ɗauki akwatinsa da tabarmarsa ya hau.